Manomi Shi Ke Fara Tashi

A ƙasan laburaren Gävle akwai wani ɗaki.
Kowace Laraba, ƙarfe shida,
Sixten Rönnhage kan sauko da sandarsa,
ya kakkaɓe ƙanƙara daga hula,
ya ɗora butar kofi,
ya juye 'ya'yan ces a tebur
kamar mai juye gyaɗa a faranti.

Mu tara ne. Ni ce auta,
ƙafata ba ta kai ƙasa.

A harshenmu, ƙaramin ɗa sunansa manomi.
"Manomi shi ke riga kowa tashi," in ji shi,
ya tura na gaban sarki taku biyu.
"Sai doki, kuma doki ba ya son lungu.
Sarauniya kuwa, a bar ta ta yi barci.
Wadda ta fito da asuba
yara ne za su koro ta gida."

Ba ya shiri da hadda.
In ka taka daidai ya nemi dalili,
ka ce haka littafi ya ce,
sai ya mayar da ɗanka inda ya fito:
"Littafi ba zai zauna maka a kujera ba."

Shekara talatin yana tsince wasiƙu a jirgin dare,
hutunsa kaf gasa ta cinye.
Malmö, Borås, Luleå,
masauki mai arha, burodi da kifi a takarda.
Ya kara da wani likitan haƙori a Tampere
ta katin gidan waya,
shekara biyu da wata huɗu,
aka tashi canjaras.
Kofunan da ya ciwo,
Gunvor matarsa ta cika su da maɓallai.

Sau ɗaya ya kai bakin babban kambu.
Wasan ƙarshe, farare a hannunsa,
ya ba da manomi kyauta a taku na shida,
buɗin da ya yi wa reno tun yana saurayi.
Hari ya zo yadda yake so,
ya tsaya yana sha'awarsa
har tutar agogo ta faɗi.
Dara ta ci gida.
Bai taɓa ba mu wannan labari ba,
a bakin Gunvor na ji.

Buɗin yana cikin littafi mai baƙin bango,
rubutun fensir, sirara kamar sawun tururuwa.
Ina sha shida na hango ɓaraka:
a taku na sha huɗu, in baƙi ya ja doki baya,
harin ya mutu a tsaye.
Laraba biyu na haɗiye maganar.
Ta uku na jera masa, hannuna na rawa.

Ya cire tabarau.
Ya duba har kofi ya huce.
"Wa ya nuna miki, Ylva?"
Na ce babu.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Shekara arba'in kowa na kutsowa gaba,
ba wanda ya tuna doki na da hanyar gida."
Ya miƙo fensir:
"Rubuta da hannunki. Sa kwanan wata."

Yanzu mabuɗin ɗakin yana aljihuna.
Butar ma ita ce, murfin kawai aka sake.
Makon jiya Malte ya fito da sarauniya a taku na biyu,
na kame bakina,
na bar dokin Saga ya raka ta gida.

Ni kuwa har yau, in farare suka faɗo mini,
ina ba da manomin a taku na shida.
Na san inda ramin yake.
Akwai sauran fili a ƙasan shafin,
fensir kuma a fiƙe yake.